Kuɗin gyaran hanya kaɗan ne, daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kabu-kabu ne a Damagaram, kuma ina cikin kwamitin unguwarmu. Kowace shekara sai a zo a cike ramukan hanyarmu, kafin damina ta fita sun sake buɗewa, har sun fi na bara girma. In mun yi magana a ce mana babu kuɗi. Shin akwai yadda za a yi da ɗan abin da ake da shi aikin ya daɗe? Mu kuma mutanen unguwa, mene ne namu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya. Da suka ce maka babu kuɗi, ba ƙarya suka yi ba. Amma na daɗe a wannan aiki, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ɗan abin da aka samu ana zuba shi inda bai kamata ba, a lokacin da bai kamata ba.

Bari mu fara da abin da ke kashe hanya. Mutane na ɗora wa mota laifi, alhali ruwa ne babban mai ɓarna. Kwaltar da kake gani a sama rufi ce kawai, kamar daɓen soro. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne marmarar da aka shimfiɗa aka danne a ƙarƙashi. Muddin tana bushe, ƙarfinta kamar dutse. Da zarar ta jiƙa, sai ta yi laushi kamar tuwon da ya sha miya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: rana ta gasa kwalta ta yi ƴar tsaga, ruwa ya bi ta nan ya sauka, taya ta bi ta kai tana matsa shi, ƙasar ciki ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, wata rana saman ya rufta. Ramin da ke karya maka ƙafar babur yau, wata biyu ko uku da suka wuce tsaga ce da ko yatsa ba zai shiga ba.

Wani zai ce ai mu nan ruwanmu bai taka kara ya karya ba. Haka ne, abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba. Sai dai kusan duka yana zuba ne tsakanin Yuli da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, kuma garin nan a kan dutse yake zaune. Ruwa ba ya samun wurin nutsewa, sai ya gangaro daga kan duwatsu ya bi tituna yana neman tafki. Duk wanda ya ga damina ta 2024, wadda har tsohon masallacin Birni ya faɗi a cikinta, ya san abin da nake nufi.

Don haka da ni ke riƙe da kuɗin, jikar farko a magudanar ruwa zan kashe ta. Ka leƙa magudanar da ke bakin hanyarku a watan Mayu. Rairayin da iska ta kwaso tun hunturu ya cika ta kusan baki, a samansa leda baƙa, toka, bawon rake, tsofaffin silifa, a bakin kwalbati kuma tsumma ya toshe kamar an sa marfi. Ruwan farko da ya sauka, ina zai bi? Sai kan titi. Yashe wannan ba ya buƙatar injin daga waje. Shebur ne da baro da amalanke da matasa. Amma a kula da abu biyu. A yi shi a Afrilu da Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Sannan a kwashe abin da aka yaso a ranar. Sau nawa na wuce na ga an yi aiki mai kyau, an tara dattin a gefen magudanar ana jiran mota, motar ba ta zo ba, ruwan dare ɗaya ya mayar da shi inda aka ciro shi. An biya kuɗi, an yi gumi, an koma gidan jiya.

Yanzu ga ramukanku da ba sa jin faci. Na taɓa tsayawa a kan wani ɗan kwangila yana cike rami: ruwa kwance a ciki, ya sa yara sun zuba ɓaraguzan gini, aka watsa kwalta a sama, aka bar tayoyin motoci su danne. Kwana ashirin bai yi ba. Faci na gaskiya yana da ƙa'ida. Ana yanka bakin ramin ya zama mai kusurwa huɗu, a shiga har inda kwaltar take da lafiya, gefunan su tsaya a miƙe. A kwashe duk ƙasar da ta jiƙa sai an tarar da mai tauri, a share ƙura, a bar wurin ya bushe. A mayar da marmara hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa masa ruwa daidai a danne shi sosai. A shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefuna don sabo ya kama tsoho, kafin a zuba haɗin kwalta da tsakuwa a danne, ya ɗan ɗara titin tsawo kaɗan. Ya fi ɗaukar lokaci, gaskiya ne. Amma rami goma da aka yi haka sun fi hamsin da aka yi wa kwalliya. Kuma in ba a gyara abin da ke kawo ruwa wurin ba, ko facin kirki sai ya tashi.

Akwai magana guda da na san ba za ta yi maka daɗi ba, don ni ma nakan sha suka a kanta. In kuɗi kaɗan ne, ba hanyar da ta fi lalacewa ake fara nufa ba. Ana fara wa ne da wadda take da sauran lafiya, ta soma tsagewa amma ba ta rufta ba. Toshe tsaga da ruwan kwalta da sake yi mata siririn rufi abu ne mai araha, zai ƙara mata shekaru. Wadda ta riga ta mutu kuwa sai an tone ta an sake gini, kuma kuɗin ɗan guntunta zai iya cinye kasafin shekara ɗungurungum, kafin a gama kuma masu lafiyar sun bi sahunta. Bankin Duniya ya yi wannan lissafi tun 1988: ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na kusan dalar Amurka biliyan 45, abin da kulawa ta biliyan 12 za ta iya hanawa. Titunan da aka yi mana lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyara Damagaram don bikin ranar jamhuriya a 2018, su nake ji wa tsoro, don yanzu ne suka kai shekarun da ake sa musu ido.

Ba ina cewa a yi watsi da unguwar da hanyarta ta mutu ba. A sa gireda ta gyara mata jiki, a zuba marmara, a yi mata doro a tsakiya yadda kowace mita ɗaya za ta gangara kamar santimita 4 zuwa 6 zuwa gefe, a buɗe wa ruwa hanya. Hanyar marmara mai doro ta fi matacciyar kwalta daɗin bi, kai da kake kan babur ka fi ni sani. Inda ruwa ke bi kowace shekara a cikin unguwa kuwa, ni na fi son pabe, wato ƴan tubalan siminti da ake jerawa a daɓe hanya. Ana buga shi a nan gida, magina namu ne ke jera shi, in wuri ya lotsa a cire ƴan tubalan a gyara ƙasa a mayar da su.

Manyan motoci ma suna da nasu kaso. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninka kusan sau 16. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari kawai yana ninka ɓarnar sau biyu. Shi ya sa UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta kafa dokar iyakance lodi a 2005. Garinmu mahaɗa ce: hanyar Yamai zuwa Diffa ta ratsa mu, ta Tanut da Agadas ta ratsa mu, ga ta Magarya, ga tankokin da ke ɗauko mai daga matatar SORAZ. Tirela ɗaya mai lodin wuce ƙa'ida da ta kauce ta bi titin unguwa bayan ruwa ta fi babura dubu lahani. Hana su shiga ƙananan tituna allon gargaɗi da tsayuwar hukuma kawai yake buƙata. Ku kuma san ƙofar da za ku buga: waɗancan manyan hanyoyi na ƙasa ne, akwai asusun gyaran hanyoyi na FER da kuɗin da ake karɓa a shingen hanya ke shiga don kula da su, titin cikin unguwa kuwa na ma'aikatar magajin gari ne.

Game da ma'aikata, tsarin da na fi yarda da shi shi ne a ba mutum ɗaya na unguwar kilomita ɗaya ko biyu, ya zama hanyarsa ce shekara duka: ya share rairayi, ya buɗe magudana, ya kai rahoton tsaga. An yi wannan a Kenya ya yi amfani. A biya shi bisa halin da aka tarar da hanyar a ƙarshen wata. Ɗan kwangila ma haka, don wanda ake biya bisa yawan ramin da ya cike ba zai damu in sun sake buɗewa ba. A riƙe wani kaso na kuɗinsa sai aikin ya ga damina ɗaya.

Naku kuma, ɗan'uwa, yana da yawa. Bututun wanka da wanki da ke zuba a kan titi dare da rana ya fi ruwan sama illa, don ba ya barin ƙasa ta bushe. Gazuwal da baƙin mai da ke tsiyaya a bakin gareji suna narkar da kwalta. Wanda ya yanka titi don jan famfo ya mayar da ƙasa da ƙafa ya tafi, ya haƙa ramin baɗi. Tudun rage gudu da ake ginawa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an bar wa ruwa mafita ba, madatsa ce aka yi.

Ga aikin da nake so kwamitinku ya fara da shi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke, ku fita ku uku ko huɗu ku bi hanyar da ƙafa daga farko har ƙarshe. Duk inda ruwa ya kwanta, duk kwalbatin da ya toshe, duk tsagar da kuka gani, ku ɗauki hoto da waya ku rubuta ƙofar gidan da ke kusa. Ku ware abin da za ku iya da aikin gayya, sauran ku kai wa sashen ayyuka na ma'aikatar magajin gari a rubuce tun kafin a zauna tsara kasafin sabuwar shekara, ku riƙe kwafi ɗaya a hannunku.