Amsa ga mai tambaya kan garin gawayi a lambu

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka zuba garin gawayi a buhunan da kake shuka alayyahu da tumatir a bayan gidanka a Agege, domin ka ji an ce yana gyara ƙasa, sai ga shi ganye ya koma rawaya, har kana tsoron ko gawayin ya kashe ƙasar. Ka kwantar da hankalinka, bai kashe ta ba. Haka ta faru da ni shekara huɗu da suka wuce a lambuna na Ikorodu.

Gawayi ba taki ba ne, rumbu ne. Idan ka fasa guda ɗaya ka duba shi da madubin da ke ƙara girman abu, za ka gan shi cike da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma waɗannan ramukan ne suke riƙe ruwa da abincin shuka. To, idan aka zuba shi sabo, rumbun babu komai a cikinsa, sai ya fara zuƙe ɗan abin da ke ƙasar, musamman sinadarin naitirojin da ke sa ganye ya yi kore, shuka ta kwana da yunwa.

Duk da haka ina ganin mu mazauna Legas muna da buƙatarsa sosai, domin ƙasarmu galibi yashi ce mai tsami, ga ruwan Yuni da Yuli da ke wanke taki tun shuka ba ta amfana ba. Gawayi yana rage tsamin, yana kuma riƙe takin.

Ni ɓurɓushin da ke saura a gindin buhu nake saye wurin masu sayar da gawayi, domin ya fi araha. Sai in yayyafa masa ruwa kafin in daka, saboda ƙurarsa tana cutar da ƙirji, in bar shi kamar girman ƙwayar masara. Daga nan in cakuɗa shi daidai wa daida da kashin kaji ko na shanu, wanda kai ba zai yi maka wuyar samu ba tunda kana kusa da mayankar Oko-Oba, in jiƙa, in rufe da buhu a inuwa, ina juyawa duk bayan kwana uku har mako 3 zuwa 4. Idan warin ya kwanta, ya koma ƙamshin ƙasar damina, ya nuna ke nan. Gawayin kada ya wuce kwano 1 cikin kwano 10 na ƙasa. Ba kuma kowace shekara ake ƙarawa ba, domin ba ya saurin ruɓewa. Baƙar ƙasa mai gawayi wadda mutanen dā suka bari a dajin Amazon na Barazil ta yi ɗaruruwan shekaru, gawayinta yana nan.

Idan da kanka za ka ƙona, ɓawon kwakwa da totuwar masara suna da kyau, amma ka kashe garwashin da ruwa kafin ya zama toka. Ina roƙonka ka guji katako mai fenti da duk abin da leda ta taɓa, domin abin da iyalinka za su ci kake shukawa.

Buhunan da suka yi rawaya kuwa kada ka zubar. Ka jiƙa kashin kaji da ya bushe a bokiti na kwana uku, ka tace, ka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi mara kauri, ka riƙa zubawa a gindin shukar sau biyu a mako. Tsohon ganyen ba lallai ya farfaɗo ba, sabon toho za ka zuba wa ido.