Kuɗin riɗi da asusun cinikin ƙasa da waje

Malam, ka tambaya ko riɗin da Najeriya ke sayar wa Japan yana gyara asusun cinikinta da ƙasashen waje, wato lissafin kuɗin da ke shigo mata daga waje da wanda ke fita. Yana taimakawa, tunda dala ke shigowa. Sai dai lissafin ragi ne: buhun riɗi ya bar Maigatari, jirgin alkama ya sauka Legas, ga kuɗin dako da ruwan bashi, waɗannan uku kuwa da dala ake biyan su. Kuma har gobe ɗanyen mai ne babba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar kasuwar bana tamkar dindindin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga saboda maganin ƙwari, ciniki ya tsaya. In alƙaluma kake so, duba rahoton Babban Bankin Najeriya, malamin tattalin arziki ya warware maka.