Tun da na haihu na kasa kallon fim ɗin kashe-kashe

'Yar'uwa, kin ce a da fim ɗin yaƙi ba ya ɗaga miki hankali, amma yanzu da an taɓa yaro sai gabanki ya faɗi. Iyaye maza ma suna fama da wannan.

Bayan haihuwa ƙwaƙwalwa tana ƙara saurin hango haɗari, musamman ga kukan jariri, ga kuma ƙarancin barci. Shekaru ma suna da nasu: wanda ya yi jinya ko ya binne nasa, jinin fim ya daina zama jan fenti a wurinsa.

Alamar shekarun masu kallo da ake sa wa fim (12, 15, 18) ba ta faɗin ko an cutar da yaro. Sashen iyaye na IMDb, shafin intanet mai bayanin fina-finai, ya fi amfani, yana zayyana wuraren tashin hankali a fim. Rage sauti, saboda kuka ya fi hoto ratsa jiki. Kada ki tilasta wa kanki kallo wai don ki saba, balle dab da kwanciya.

Idan hotunan suna dawo miki da rana, ko suna hana ki barci fiye da mako 2, ko tunanin wani abu zai sami jaririn ya ƙi barin ki, gaya wa likita.