Tsofaffin fina-finan Hausa a faifai: amsa ga mai kwalin kaset

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko akwai ranar da za a fitar da tsofaffin fina-finanmu irin su Turmin Danya da Sangaya a faifan DVD ko Blu-ray mai hoto garau, ka kuma ce kana da kaset cike da kwali a gida. Shawarata, kada ka zauna jira. Mafi yawansu ba za su fito ba, kuma mai yiwuwa wani kaset da ke cikin kwalin nan naka ya fi duk kwafin da ya rage a hannun masu fim ɗin lafiya.

Fina-finan iri biyu ne, kuma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Akwai na majigi, waɗanda aka ɗauka a zaren fim mai faɗin milimita 16 ko 35, kamar Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), da Ƙasarmu Ce na Saddiq Balewa (1991), da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu (1992). Sai na bidiyo, waɗanda suka soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990.

Abin mamaki, na majigin da suka fi tsufa su ne ake iya sa wa rai. Zaren fim yana riƙe hoto mai zurfi, har a iya kwafe shi da ingancin da ya kai na Blu-ray ko ya wuce. An ga haka da Shaihu Umar: an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Sai dai aikin ba na kowa ba ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato fim na awa biyu hoto 172,800 ne, kowanne sai an kwafe shi, an cire datti da ƙarzuwa, an daidaita launi. Kuma zaren ba ya jira. Idan zafi da laima suka dafa shi, yakan fara fitar da warin tsami, ya motse, ya kanannaɗe, launinsa ya koma ja-ja domin shuɗi da rawaya su ke fara koɗewa. Gwangwanin da ya fara warin nan yana lalata na kusa da shi, shi ya sa ake ware shi nan take.

Na bidiyo kuwa, maganar Blu-ray ma ba ta taso ba. Kaset ɗin VHS layin hoto kusan 240 kawai yake iya rarrabewa. DVD ɗinmu 720 ne sau 576, Blu-ray kuma 1920 sau 1080. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba tun farko, babu faifan da zai ƙirƙiro shi. Sa'an nan a bidiyon wancan zamani duk kwafi yana rage hoto. Kaset ɗin kyamara shi ne na farko, mastar da aka tace na biyu, wadda ake ba ɗan kasuwa ya riƙa bugawa galibi na uku, wanda ka saya a Bata ko Ƙofar Wambai na huɗu. Yadda cinikin yake a lokacin ya ƙara taɓarɓara abin: furodusa kwali yake bugawa ya kai wa 'yan kasuwa tare da masta, su su nemo kaset su buga, a biya shi gwargwadon kwalin da ya fita. Ribarsa tana cikin kwali, ba a cikin masta ba. Don haka masta ta yi ta zagaye a cikin na'ura har ta gaji, kaset ɗin kyamara kuma a goge shi a ɗora sabon aiki saboda tsada. Gidajen talabijin ma haka suka yi da yawan wasanninsu na kwaikwayo a kaset ɗin U-matic, shi ya sa wasannin su Samanja sai dai ka tarar da guntu-guntu.

Da aka koma ɗauka a MiniDV hoto ya gyaru sosai, amma abin da ya iso kasuwa VCD ne, mai 352 sau 288, wanda faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Yawancin abin da kake gani a YouTube daga irin wannan faifan aka ciro shi, aka sake matse shi, aka lafta masa tambari.

Sai batun haƙƙin mallaka. Dokar Najeriya ta 2022 ta ba fim kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka sake shi, wato fim ɗin 1999 yana da mai shi har ƙarshen 2049. To wa ye mai shin? Yarjejeniyar da yawa da baki aka yi ta. Wani ya ba da kuɗi, wani ya ba da labari, wani ɗan kasuwa ya saye haƙƙin CD, wasu sun rasu, Allah Ya jiƙansu, abu ya koma hannun magada. Ga kuma waƙoƙin da aka ɗora a kan karin waƙoƙin Indiya, waɗanda babu kamfanin kirki da zai buga ba tare da izini ba. A ƙarshe, wa zai saya? Kamfanin buga faifai ba ya tayar da inji don kwafi hamsin, masu kallo kuma sun koma waya tun da masu tura fina-finai suka karya kasuwar CD.

Saboda haka a koma kan kwalinka, nan ne aikin yake.

Kafin ka sa ko ɗaya a na'ura, duba ta tagar kaset ɗin. Idan ka ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Ware shi a leda daban, kada ya shiga na'urar da za ka yi aiki da ita, domin zai toshe hed, wato ɗan abin da ke karanta hoto daga zaren, ya kuma shafa wa sauran. Ana goge irin wannan ne a wata tsohuwar na'ura da aka cire wa murfi, a waje, da takunkumi a hanci, ana tura zaren gaba ana dafa masa ƙyalle mai laushi marar gashi. Duba kuma ɗan harshen da ke bayan kaset. Idan yana nan, ɓalle shi, don kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya share fim. Idan kwanson ya fashe, kusoshi biyar ne a ƙasa, kwance su ka mayar da naɗin biyu cikin kwanson wani kaset mai lafiya. Idan zare ya tsinke, kada a haɗa shi da salatif. Gam ɗinsa yana narkewa ya manne wa hed. A yanke wurin da ya yamutse a haɗa da tef ɗin haɗa zare, ta bayan zaren. Kaset ɗin da ya shekara ashirin a kwance, a tura shi har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya kafin a kunna, don naɗin ya saki.

Na'urar ita ce rabin aikin. Mafi kyau ita ce S-VHS ta JVC ko Panasonic mai TBC a ciki, wato abin da ke miƙar da layukan hoto idan suna rawa. In ba a samu ba, a nemi bidiyo mai hed huɗu mai lafiya, a bi da wayarsa ta cikin rikodar DVD ta Panasonic samfurin DMR-ES10 ko ES15. Ba ɗauka za ta yi ba, hoton kawai zai ratsa ta cikinta, ta gyara lanƙwasar da ke saman hoto. A kai na'urar wurin mai gyara ya duba bel da robar da ke jan zare, domin robar da ta ƙandare ita ke tauna kaset. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna.

Wanke hed yana da ƙa'ida, kuma nan mutane suka fi ɓarna. Hed ɗin ƙananan abubuwa ne a gindin gangar ƙarfen nan mai juyawa. Jiƙa farar takarda da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, dafa ta a jikin gangar a hankali, ka juya gangar da ɗaya hannun. Takardar ba ta motsi. Kada a goga sama da ƙasa, hed zai karye, kada kuma a sa auduga, tana sarƙewa. A bari ya bushe kamar minti 10. Alamar hed ya toshe ita ce hoto ya koma yayyafi alhali sauti na fita lafiya.

Abu biyu na iya ruɗa ka. Kaset E-180 awa 3 ne, amma masu ɗauka daga talabijin a gida sukan sa shi a LP ya ci awa 6, kuma na'urar da ba ta da LP za ta nuna shi da gudu da muryoyi ƙanana. Wanda kuma aka ɗauka daga talabijin ɗin Nijar tsarin SECAM ne, mu kuwa PAL muke, don haka zai fito baƙi da fari sai a na'ura mai karɓar tsari da yawa. Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau.

Wajen shigarwa kwamfuta, yi amfani da wayar S-Video in akwai, in babu sai mai rawayan kai, ban da wayar eriya. Guji 'yan akwatunan nan masu mayar da hoto HDMI. Suna miƙe hoto ya cika faffaɗan allo, fuskoki su baje, suna kuma zubar da rabin motsi. A ɗauka a 720 sau 576, hoto 25 a daƙiƙa, sauti 48 kHz, a bar shi a tsarinsa na saƙar layi, wato yadda bidiyo ke raba kowane hoto gida biyu, layi-layi. Kwafin ajiya a yi shi da tsarin adana bidiyo na FFV1 ko HuffYUV, waɗanda ba sa rage komai, sai dai suna cin wajen gigabait 30 zuwa 40 a awa. In wuri ya yi kaɗan, tsarin DV yana cin 13 a awa, kuma ya wadatar. Daidaita tirakin, wato maɓallin da ke saita hed a kan zaren, da hannu har layin ƙasa ya kwanta da sautin ya daina ƙara. Ɗan yagewar nan da ke can ƙasan hoto ba lalacewa ba ce, haka VHS yake, a rufe shi daga baya. Kaset na awa 3 sai ya ci awa 3 cur, saboda haka a sa na'ura da kwamfuta a kan inbata ko UPS. Wuta ta ɗauke zare na naɗe a ganga, ka jawo wa kanka aiki. A rufe sauran manhajoji yayin ɗauka, domin idan kwamfuta ta zubar da hotuna, nan ne za ka ga baki ya riga magana ko magana ta riga baki.

Daga kwafin ajiyar ne ake fitar da na kallo: MP4, a warware saƙar layin zuwa hoto 50 a daƙiƙa, a bar fasalinsa 4:3, kusan megabit 3 a daƙiƙa, wanda zai ba ka gigabait ɗaya da 'yan kai a awa. Idan faifan kake so dole, DVD na gigabait 4.7 kada ya ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi zuwa biyu, domin yayyafin VHS yana cinye wuri, kuma a ƙona shi a hankali, gudun 4 ko 8. Manhajojin da ke cewa za su mayar da tsohon fim HD, ni ban yarda da su a kan kwafin ajiya ba. Ƙirƙirar fuska suke yi, sai jarumin da ka sani ya fito da fata kamar ta roba da haƙoran da ba nasa ba.

VCD ya fi sauƙi. Buɗe faifan a kwamfuta, shiga jakar MPEGAV, kwafe fayilolin da suka ƙare da DAT yadda suke, kada a sake matse su. Goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Ka kula da saman da ke da rubutu fiye da ƙasan, domin a CD bayanan suna dab da ƙarƙashin fentin, ƙarzuwar sama ba ta da magani.

Bayan an gama, kada a zubar da kaset. A mayar da zare farko, a jera su a tsaye cikin kwalayensu, a ɗaki mafi sanyi, nesa da lasifika da bangon da ke tsattsafo da damina, a rufe saboda ƙurar hunturu. Fayilolin kuma kwafi uku: biyu a hadis na kwamfuta (hard disk), ɗaya daga cikinsu a wani gida daban, na uku a intanet. Filashi da katin waya ba wurin ajiya ba ne, WhatsApp kuma matse bidiyo yake yi. A rubuta sunan fim, kamfani, shekara da sunayen da ke jikin kwali, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya.

Kwafin na amfanin gidanka ne. Kafin ka ɗora a YouTube, nemi mai fim ɗin ko magadansa, ka ba su nasu kwafin, ku yi magana a rubuce. Turo mana jerin sunayen da ke cikin kwalin. A fara da na 1990 zuwa 1998 da duk abin da aka ɗauka kai tsaye daga talabijin, domin su ne galibi ba su taɓa hawa CD ba.