Amsar kawu kan sallama kafin a kama hanyar bakin tafki

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so.

Saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka za ku ɗauki mota daga Toronto ta ƙasar Kanada a watan Satumba, ku bi gefen Tafkin Superior har Thunder Bay ku dawo cikin kwana uku, ku ba idonku haƙƙinsa. Sannan ka tambaye ni ko al'adar nan ta sallama, a bi manya a shaida musu za a yi tafiya, ta hau kan mai fita shan iska na 'yan kwanaki, tunda ga waya a aljihu, ga taswira a cikinta. Sai da na yi dariya, don ban taɓa jin an auna sallama da yawan kwanaki ba. Da dariyar ta lafa kuma hankalina ya ɗan tashi, saboda na san hanyar nan.

Tukuna ma, wa ya yi muku lissafin kwana ukun? Daga Toronto zuwa Sault Ste. Marie kusan kilomita 700 ne, daga nan zuwa Thunder Bay wasu 700 ɗin ne. Zuwa da dawowa kun doshi 2,800. Yaushe za ku tsaya ku ga abin da ya fito da ku? Kakarka, Allah ya jiƙanta, ba ta gajiya da cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. In kwanakin ke nan, ku yanke a garin da ake kira Wawa, kilomita 230 ko kusa da haka daga Sault. A wannan tsakanin ma akwai Batchawana Bay da Pancake Bay da Agawa da Old Woman Bay, sun ishe ku kallo. Thunder Bay da gunkin Terry Fox, saurayin nan mai ƙafar roba da ya yi gudun tara kuɗi don yaƙi da ciwon daji, ba za su gudu ba.

Lokacin da nake karatu a can, farkon shekarun 1980, ina haya a gidan wata dattijuwa a Sault, ɗanta kuma ajinmu ɗaya. Wani ƙarshen mako da ganye ya fara juyewa ja da ruwan ɗorawa, ya ce in zo ya nuna mini bakin tafki. Muna shirin fita da safe sai uwar ta tare ƙofa da takarda da biro. Ta sa ya rubuta lambar mota, da wuraren da za mu tsaya, da ƙaramar hanyar ƙasa da yake son mu bi mu gangara bakin ruwa, da lokacin da za mu bugo mata waya daga Wawa. A lokacin sai ka sami tarhon bakin titi ka jefa kuɗi. Shi yana ta gunaguni, ni kuwa na tsaya ina kallonta, don sak mahaifinmu na gani. Shi ma ba ya barin ɗa ya sa ƙafa waje sai ya ji ina za shi, da wa, yaushe zai juyo. Yakan ce wanda bai faɗi inda za shi ba, ba a san inda za a nemo shi ba.

Muka kama babbar hanya mai lamba 17. Ɗana, gani ya kori ji. Ka hau tudu ka sauko, sai ruwa ya buɗe a hagunka shuɗi, babu gaɓa a ɗaya gefen sai sama. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, kuma a duniya babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi. A Agawa muka sauka ta wani tsagin dutse zuwa inda mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, suka yi zane da jar ƙasa a jikin dutsen da ke fuskantar ruwa: kwale-kwale da mutane a ciki, da wata dabba mai ƙaho da ƙaya a gadon baya da suke kira Mishipeshu. A wani lungu na ga ɗan ƙullin taba an ajiye. Abokina ya ce kada in taɓa, masu wurin ne ke ajiyewa don girmamawa. Dutsen da ake takawa yana da santsi, ya karkata zuwa ruwa, ruwan kuma sanyinsa kan kama jiki nan take ko da rani. Mutanen Sault a lokacin ba su daina zancen jirgin ruwan Edmund Fitzgerald ba, wanda ya nutse ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, ba a sami ko ɗaya ba. Ba wanda ya girma a bakin tafkin nan da yake masa kallon wasa.

Da la'asar sakaliya muka gangara ta hanyar ƙasar nan. A dawowa, ba mu kai kwalta ba, fambel ya tsinke, inji ya ɗau zafi, mota ta tsaya. Kafin mu gama dube-dube hazo ya taso daga tafki ya rufe ko'ina, har ba na ganin bishiyar da ke gabana. Muna jin gurnanin manyan motoci can sama jefi-jefi, amma su ba su san da mu ba. Abokina ya ce ba za mu taka cikin duhu da hazo ba, a mota za mu zauna. Bargo ɗaya ne, muka lulluɓa, haƙorana na haɗuwa. Can sai muka ji ana karya rassa kusa da mu. Ya kunna tocila, sai ga ƙafafu dogaye kawai, sai da ya ɗaga hasken muka ga kan. Dabbar da suke kira mus ce, ta fi doki tsayi, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Ta dube mu, ta wuce abinta. Na karanta duk addu'ar da na iya.

Dare ya raba sai ga fitila tana gangarowa a hankali. Ƙanen dattijuwar ne, mai aikin katako a Wawa, a cikin akori-kura. Lokacin waya ya wuce ba ta ji mu ba, ta buga masa, ta karanta masa takardar layi-layi. Bai yi yawon nema ba, kai tsaye ya nufo hanyar da aka rubuta. Ko faɗa bai yi ba, ya ɗaura igiya ya ja mu.

Ku yaran yanzu kun ɗauka sallama neman izini ce, shi ya sa take muku nauyi. Mutum ya bar gari, uwarsa ba ta sani ba sai ta ga hotonsa a WhatsApp yana tsaye kan dutse. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Wayar da kake taƙama da ita, a cikin gandun dajin gwamnati da hanyar ta ratsa tsakanin Sault da Wawa akwai dogon zango da ba ta samun sabis, gidajen mai ma sun yi nisa da juna. Ku cika tanki a Sault, ku sauke taswirar a waya tun kuna gari, ku riƙe ta takarda. Kada magariba ta same ku kuna tuƙi, haka ma duku-duku, don lokacin ne mus ke fitowa titi. Mota ƙafafunta take bugewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashi, babbansu kuma kan kai rabin tan. In za ku kwana a tanti, kada ku shiga da abin ci, akwai beyar, dabba mai haɗari da ke bin ƙanshin abinci. Kun isa Agawa, ku tambayi ma'aikatan gandun ko hanyar dutsen a buɗe take, in sun ce ruwa ya tashi ku haƙura. Matambayi ba ya ɓata.

Zancen ko sai ka bi gwaggonninka duka da waya kuwa, wannan ku daidaita da mahaifiyarka, ta fi ni sanin wanda zai ji haushi. Ita dai ka kira ta da bakinka, ba rubutu ba, ta sa maka albarka. Ka kuma sami mutum ɗaya a nan Toronto, mai hankali, ka bar masa lambar mota da inda za ku kwana da lokacin da zai ji ku.

Ba ka faɗa mini ku nawa ba ne, da ko a cikinku akwai wanda ya taɓa dogon tuƙi. Ka rubuto mini wannan, da irin motar da lafiyar tayoyinta. Ka gaida abokan naka. Allah ya tsare hanya.

Kawunka.