Tambaya da Amsa: Wanda ya buɗe mini shafin intanet ya riƙe sunan shagona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon turare, jallabiya da dabino a Jidda, kuma yawancin abokan cinikina alhazai ne da 'yan Umara daga Najeriya da Nijar. Shekara huɗu da suka wuce na ba wani yaro ɗan unguwarmu kuɗi ya buɗe mini shafin intanet da sunan shagon, mai ƙarewa da .com. Bana muka sami saɓani, sai ya canza kalmar sirri, ya ce sunan nasa ne sai na ba shi riyal 15,000, alhali ni nake ba shi kuɗin sabuntawa kowace shekara. Shin akwai hanyar da zan ƙwato abina?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Hanya akwai, amma kafin a bi ta sai an fahimci yadda ake riƙe irin wannan suna, wanda masu sana'ar suke kira domen. Ba a sayensa sayen dindindin kamar fili, hayarsa ake yi daga shekara 1 zuwa 10, sannan a sabunta. Babban kundin duk sunayen .com yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, jama'a kuma suna yin rajista ta hannun kamfanoni irin su GoDaddy da Namecheap, waɗanda suka sami izini daga ICANN, hukumar da aka kafa a Kalifoniya a 1998 domin kula da tsarin sunayen. Abin da kamfanin rajista ya sani shi ne sunan da aka rubuta a gurbin mai riƙe da domen da kuma adireshin imel ɗin da ke kan asusun. Kuɗin da kake miƙa wa yaron hannu da hannu bai taɓa shiga wannan kundi ba, saboda haka idan sunansa ya rubuta, a wajensu shi ne mai abu.

Abin da za ka fara yi yau shi ne ka shiga shafin binciken rajista na ICANN ka rubuta sunan. Tun 2018 da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, galibi ana ɓoye sunan mai riƙewa, amma za ka ga kamfanin da aka yi rajista a wajensa da ranar da wa'adin hayar zai ƙare. Wannan rana ta fi komai ba ni tsoro, domin idan yaron ya ƙi sabuntawa saboda fushi, akwai sassauci da bai wuce kwana 45 ba, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan sunan ya faɗo kasuwa. Akwai kuwa masu na'urorin da aikinsu kawai cafke irin waɗannan sunaye cikin daƙiƙoƙi, kuma idan ya faɗa hannun baƙon da ke wata nahiya, rigimarka da ɗan unguwa za ta zama wasan yara.

Mutane da yawa da zarar sun ji irin wannan labari sai su ce a kai ƙara ƙarƙashin UDRP, wato ƙa'idar warware rikicin sunaye da ICANN ta amince da ita a 1999, wadda cibiyar sasanci ta WIPO, wato hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, tana cikin masu yanke hukunci da ita. Tana da sauri: wanda ake ƙara yana da kwana 20 ya mayar da martani, kuma ana kammalawa cikin kimanin wata biyu ba tare da kowa ya bar gidansa ba. Kuɗin WIPO idan alƙali ɗaya ne dala 1,500, wato riyal 5,625, ban da ladan lauya, kuma iyakar abin da za a ba ka shi ne a mayar maka da sunan ko a soke shi, babu diyya ko ta kwabo ɗaya.

Sai dai dole ka tabbatar da abubuwa uku gaba ɗaya: cewa sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancin da kake da haƙƙi a kanta, cewa shi ba shi da wani halastaccen haƙƙi a kan sunan, da kuma cewa da mugun nufi aka yi rajistarsa kuma da mugun nufi ake amfani da shi. Na ukun nan ne tarkon. Neman riyal 15,000 yana nuna mugun nufi a yau, amma ranar da aka yi rajistar kai ka aike shi da yardarka. An ƙirƙiro ƙa'idar ce saboda masu mamaye sunayen kamfanoni domin su sayar, shi ya sa wasu alƙalan suke korar irin ƙararka su ce rikicin yarjejeniya ne da ya dace da kotu, wasu kuma suke mayar da sunan idan an nuna cewa an umarci mutum ya rubuta sunan maigida, ya rubuta nasa a ɓoye. Don haka ka bincika tsofaffin saƙonninku na WhatsApp, domin saƙo ɗaya da ya ce “Alhaji, na buɗe maka” ko rasit ɗin tura kuɗi ta banki ya fi shaidar baki goma.

A ganina, tunda ku duka kuna cikin Saudiyya, sulhu ne ya kamata ya zo gaba. Ka nemi dattijon da yaron yake jin nauyinsa, idan kuwa abin ya gagara, Ma'aikatar Shari'a tana da dandalin Taradi na sulhu, kuma takardar sulhun da aka tabbatar a can tana da ƙarfin zartarwa. Bayan wannan sai kotu, wadda ita ce za ta iya duba batun amana da diyya. Idan akwai wani haƙƙinsa na aiki da ka riƙe, ka biya shi, domin sau da yawa daga nan rigimar take tasowa.

Ranar da kuka daidaita, kada ka yarda da a ba ka kalmar sirri kawai. Na taɓa zama da wani mai shago a Makka wanda ya buga adireshin a jikin ledojinsa da allon ƙofa, an ba shi kalmar sirri ya yi murna, bayan mako biyu aka sake canza ta, saboda imel ɗin da ke kan asusun har lokacin na wanda ya buɗe masa shafin ne. Ka buɗe asusunka da imel ɗinka da lambar wayarka, yaron ya cire makullin da ke hana canja wa domen wuri, ya ba ka lambar izinin ɗauke domen, kuma kada ka sakar masa ragowar kuɗi sai ka ga sunan ya bayyana a cikin asusunka. Ka sani cewa canza bayanan mai riƙewa yakan jawo kulle na kwana 60, don haka ya fi kyau a fara ɗauke sunan sannan a gyara bayanan.

Ko kafin a gama wannan, ka yi rajistar alamar shagonka a Hukumar Mallakar Fasaha ta Saudiyya, sannan ka kama sunan nan da .sa ta amfani da sijillin kasuwancinka, wato takardar rajistar kasuwanci. Cibiyar SaudiNIC ce ke kula da .sa a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa, Sararin Samaniya da Fasaha, kuma idan ka haɗa sunan da takardun kasuwancinka, duk wanda zai yi maka aikin shafi nan gaba izinin aiki kawai za ka ba shi, asusun ya zauna a hannunka.