Targaɗen da ya ƙi warkewa a ƙafar matashi

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 kullum sai ya gurɗe a idon sawu in yana ƙwallo. Mai ɗori ya sha jan ƙafar, babu sauƙi. Yanzu a asibiti an ce wai ƙasusuwa biyu ne suka manne a ƙafar, ana maganar tiyata. Dole ne a yi?
Wata uwa daga Kano

Amsa: Hajiya, da farko a bar jan ƙafar nan. Babu abin da ya goce balle a mayar da shi.

A ƙarƙashin idon sawu akwai gaɓa tsakanin ƙashin diddige da wanda ke zaune a kansa, ita ce ke ba ƙafa damar karkata in an taka gargada. Wasu yara ana haihuwarsu da wata 'yar gada da ta haɗe ƙasusuwan biyu. Tun tana guringuntsi ba ta cika damun kowa ba. Tsakanin shekara 12 zuwa 16 takan zama ƙashi, gaɓar ta ƙage, sai ciwo da yawan targaɗe. Ki sa shi ya yi ɗage a kan yatsunsa: in tafin ƙafar ya tsaya a shimfiɗe, diddigen bai juya ciki ba, alama ce. A duba ɗaya ƙafar ma, domin kusan rabin masu wannan matsala a duka biyun take.

Hoton ƙashi na yau da kullum yakan ɓoye gadar. Ni ba na yarda a tsayar da ranar tiyata sai an ga hoton CT, wato na na'urar da ke nuna ƙashi yanki-yanki, don shi ke nuna faɗin gadar.

Kuma ba da wuƙa ake farawa ba. Akan sa ƙafar a siminti mako 4 zuwa 6, a ba shi maganin ciwo da abin tokare tafin ƙafa a cikin takalmi. In ciwon ya dawo, sannan a yi zancen aiki. Idan gadar ba ta kai rabin faɗin gaɓar ba, kuma gaɓar ba ta cinye ba, sai a yanke gadar, a cusa kitsen jikinsa a gurbin don kada ta sake haɗewa. Wannan shi ne abin da ake fata ga mai shekarunsa. In ta yi faɗi ko gaɓar ta lalace, tiyata ake yi a manne ƙasusuwan gaɓar gaba ɗaya: ciwo ya ragu, amma karkatawar ta tafi.

Tunda kina Kano, ki kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, ki tafi da duk hotunan da aka riga aka ɗauka.